Kunun da Hannu Bai Taɓa Ba

Ban taɓa haɗa kunun aya da hannuna ba sai da na je ƙasar Sin. Na tashi a gidan da ake wayar gari da ƙarar niƙa, ake yini cikin ƙamshin citta da dabino. Na sha shi da rani, na sha shi da buɗa-baki, amma da a ce za a ɗora mini wuƙa a wuya a ce in faɗi abin da ake fara yi, da sai dai a yanka. Namiji ne ni, kuma auta, madafa ba wurin zamana ba ce. To wannan mutumin aka zaɓa aka tura bangon duniya ya sayo injin kunu.

Mu ƴan Kara-Kara ne. Wanda ya san Damagaram ya san abin da sunan nan yake ɗauke da shi, wanda bai sani ba kuwa bari in gaya masa: unguwar da aka ware wa kutare ce tun zamanin da. Babanmu ciwon ne ya kawo shi daga ƙauyensu Hamdara yana saurayi. Ya sha magani ya warke tun kafin a haife mu, amma ciwon bai tafi ba sai da ya tafi da yatsunsa. Mu ƴaƴansa lafiyarmu ƙalau. Yayata Rakiya ita ta riƙe gidan tun rasuwar innarmu, kuma da kunun aya ta riƙe shi: ta hura leda, ta zuba, ta ƙulla. Kununta ya shiga Birni ya shiga Zango, ana rububinsa, muddin ba a san inda ya fito ba. Ranar da aka sani, ranar ciniki zai mutu. Na ƙarshe wani mai kanti ne kusa da kasuwar Dole, ya mayo mana da kula cike ko murfi bai ɗaga ba. Ya ce shi babu ruwansa, masu saye ne ke tambaya hannun wa ya ƙulla. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon kular har ƙanƙara ta narke, sannan ta ce, “To a nemo mini abin da zai zuba ya rufe ba da hannu ba.”

Matan unguwa suka bar mata ɗaukar adashi, Baba ya ce a sayar da gonarsa ta gado da ke Hamdara, tun da shi ba noma zai sake yi ba. Ni kuwa na yi lekol, wato karatun boko, ina jin Faransanci, ina gyaran firigo mai sanyaya kaya, saboda haka kowa ya ga babu wanda ya fi ni dacewa. Ni ma haka na gani, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi yanzu.

Gwanzu, babbar cibiyar kasuwancin Sin, ta karɓe ni da ruwan sama da hayaniya. Gidaje sun toshe sama, mutane suna gudu kamar an kore su, rubutu ko'ina amma ko harafi ɗaya ban gane ba. Ni da nake karanta wa maƙwabta takardun asibiti, na koma ina nuna abinci da yatsa. Shi ya sa da na ji muryar wani da ake kira Mushe Idi a waya yana ce mini “ɗan gida, ka sauka lafiya?” sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido. Wani ɗan kasuwa ne ya ba ni lambarsa tun a gida. Mutumin Takieta ne, ya daɗe a can, yana juya harshensu kamar a ciki aka haife shi. Ya zo da kansa ya ɗauke ni, ya kai ni wani ɗaki a saman bene inda wata mata ke sayar da tuwo da miyar kuka, muka sa hannu a kwano ɗaya. Muna ci ya tambaye ni wace unguwa nake a Damagaram, na ce Birni. Haka muka saba cewa tun muna lekol, bakina ne ya faɗa ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Kashegari ya kai ni wani babban shago mai bangon gilashi. Can na ga injin. Ƙarfe fari fat yana walƙiya, gorunan roba suna tahowa a layi, kowace ta tsaya a ƙarƙashin bakinta ta cika, murfi ya sauko ya murɗe kansa, ta wuce. Babu hannun ɗan Adam ko ɗaya a wurin. Na tsaya baki sake, ina hango fuskar mai kantin Dole. Ruwa ne zalla suke zubawa, kuma wannan ya ɗan tsaya mini a rai, har na tambayi Mushe Idi ko zai yi da kunun aya. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

“Ƙanena, ruwa ai ruwa ne. Abin da ya zuba wannan zai zuba wancan.”

A wurinmu, wanda ya ciyar da kai, kuka haɗa sahu a masallaci, ba ka ce masa ya kawo shaida. Kunya ma ba za ta bar ka ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, a harabar masallacin, na danƙa masa kafin alƙalami a hannu, kaso mai tsoka daga abin da na zo da shi. Ya ce in huta, shi zai yi komai.

Na huta kuwa. Wayarsa ta fara da “ina zuwa”, ta koma ba a ɗauka, ta koma a kashe. Na laluba na koma shagon ni kaɗai. Wata yarinya ta kara mini wayar da ke fassara magana, muryar inji ta gaya mini da Faransanci, a natse, cewa sun san mutumin, yakan kawo baƙi su sha shayi su kalli inji su tafi, amma bai taɓa sayen ko ƙusa a wurinsu ba. Na koma wurin mai tuwo, ta ce ita ma nemansa take. Mushe Idi ya yi layar zana.

Na fito na zauna a kan matakalar wata gada, mutane suna ratsa ni ta hagu da dama. Ba tunanin kuɗi nake ba, gonar Hamdara nake gani, da matan da suka haƙura da ɗaukarsu, kowace da abin da ta ƙudura za ta yi ta fasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Da a ce mutuwa ta zo a lokacin ta yi mini sallama, ban tabbata zan ce mata ta dawo gobe ba.

Na bar otel na koma wani ɗaki da muke kwana karɓa-karɓa, ni da wasu ƴan Gine da ƴan Kwango, wani na tashi wani na hawa katifar da ɗuminta. Na rage ci zuwa sau ɗaya. Kullum Yaya ta kira, in ce mata ana nan ana ciniki, injin yana da kyau, Sinawa ne da jan rai. Na daina kunna hoto, na ce layin ne ba ƙarfi. Kwanakin bizata kuwa suna ta zubewa, ba ruwansu da halin da nake ciki.

A masallacin nan dai na haɗu da Alhaji Bala, wani Bakano mai kai kaya kasuwannin Damagaram. Ya lura ina daɗewa a zaune bayan kowa ya watse, ya matso ya tambaye ni lafiya. Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce ai da na sani ba. Ya ce injunan nan ba a Gwanzu ake ƙera su ba, nan talla kawai ake yi. In ina son gaskiya in hau jirgin ƙasa in nufi arewa, akwai wani gari a bakin babban kogi kusa da Shanghai da ba su da sana'a sai wannan. Ya rubuta mini sunan garin da rubutunsu a wayata. Da za mu rabu ya dubi rigata, ya cire tasa mai kauri ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce can ba a wasa da sanyi. Ta yi mini yawa, hannuwanta har suna rufe mini yatsu, amma ita na zauna a ciki har ƙarshen tafiyar.

Garin injuna ba shi da fara'a. Titi miƙaƙƙe, masana'anta na bin masana'anta, sama a murtuke, iska na shiga ƙashi. Baƙar fata ban ga ko ɗaya ba sai a madubi. Yara suna leƙe na, tsofaffi suna tsayawa su kalle ni har in ɓace. Na bi ƙofa-ƙofa da ƙafa. Inda aka bar ni na shiga, abu ɗaya ake nuna mini: inji yana zuba ruwa. In na faɗi abin da ya rage a hannuna, sai murmushi ya ragu, a raka ni bakin ƙofa cikin ladabi.

Abin da ya riƙe raina a garin wani ɗan shagon taliya ne da na ga an rubuta halal da Larabci a ƙofarsa. Mai shagon dattijuwa ce Musulma, da farin ɗankwali, sunanta na Musulunci Amina. Ba ma jin maganar juna in ban da sallama da bismilla da alhamdulillahi, kuma su ɗin sun ishe mu. Nakan sayi kwano mafi araha. Ta lura ina shanye romon har ɗigon ƙarshe, sai ta riƙa zuwa da ludayi tana ƙara mini ba tare da ta dube ni ba, wani lokaci in tsinci yankan nama a ƙasan kwano. Na riƙa kiranta Inna, ta riƙa amsawa.

A wata ƙaramar masana'anta da ke ƙarshen titi na haɗu da Lin. Ita ce mai hulɗa da masu saye na ƙasashen waje, matashiya, tana jin Faransanci, ba ta da yawan murmushi. Ba ta kai ni wurin inji ba. Ta zaunar da ni ta ce in gaya mata abin da zan zuba. Na ce kunun aya, na nuna mata hoto. Ta tambaye ni kaurinsa, na ce daidai. Ta tambaya ko yana kwantawa in an ajiye, ko yana kumfa, ko dafa shi ake, kwana nawa yake yi kafin ya lalace. Abin da na sha tun ina rarrafe, ga wata baƙuwa tana tambayata labarinsa, ni kuwa ban san komai ba sai daɗinsa. Ta rufe kwamfutarta ta ce ba za ta sayar mini da inji a kan hoto ba, in kawo abin shan a zuba a gani. Na fito ina jin haushinta, alhali ita ce ta farko da ta gaya mini magana mai amfani tun saukata.

To ina zan ga aya a ƙasar Sin? Na shiga shagon Inna Amina na zauna ban sayi komai ba. Ta zo ta tsaya a kaina, na nuna mata hoton aya don kawai in nuna wa wani. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta yi wata ƴar ƙara, ta shiga ciki ta fito da tata wayar tana dannawa. Ashe suna noma ta can yammacin ƙasarsu, wajen garinsu. Bayan kwana biyu ga ƙullin aya a kan teburina, da dabino, da citta. Na damƙi ayar na sansana, sai ga Kara-Kara gaba ɗaya a cikin hancina.

Saura wanda zai haɗa. Ranar na kira Yaya na kunna hoto. Ta daɗe tana kallon fuskata, yadda na rame, da rigar da ba tawa ba. Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga hannu.

“Na sani, Auta. Tun ranar da ka daina nuna mini fuskarka na sani. Duka aka kwashe?”

Na ce ba duka ba.

“Kai lafiyarka ƙalau?”

Na ce ƙalau.

“To share hancinka, ka samo roba babba.”

Haka aka buɗe makaranta. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da shagon Inna Amina ba kowa, in jingine waya a jikin tukunya, Yaya daga can da sanyin safiya tana ba da umarni. A tsince tsakuwa, a wanke, a sake wankewa, a jiƙa. A cire ƙwallon dabino. A niƙa, a tace, a matse, a sake tacewa. Ba ta raga mini ba ko kaɗan. Ta ce matsar da nake yi ko kaza ba za ta ji ba. Ta ce shekara nawa ina shan gumin mutane ban taɓa leƙa inda ake yi ba, yau ga ranar ƙin dillanci ta zo mini har gida. Tana faɗa tana dariya, ni ma ina yi, amma duk mun san abin da ke ƙarƙashin dariyar. Na farko ya fito salalan, na biyu citta ta yi masa yawa har Inna Amina ta yi tari. Na uku na ɗaga cokali na tsiyaya a gaban waya, Yaya ta kalli yadda yake zuba ta ce, “Kai shi.”

Na kai shi a jarka biyu, a kafaɗa. Lin ta sa aka zuba a inji, aka kunna. Gorunan farko suka cika lafiya, har na fara hamdala. Sai kumfa ta taso, goruna suka riƙa fitowa rabi kunu rabi iska. Can garin ayar ya kwanta a gindin tanki, bakunan zubawa suka toshe ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya yi tari ya fesa wa wani ma'aikaci a ƙirji. Inji ya tsaya yana kuka. Irin wannan injin ne na tsaya ina sha'awa a Gwanzu. Da Mushe Idi mai gaskiya ne, da shi zan loda a jirgin ruwa in kai wa Yaya, ya mutu a ranar farko a gaban duk unguwa.

Masu haɗa injin suka ce a dafa kunun ya daɗe. Aka dafa, ya ɗaure ya zama kamar koko, ko a cokali ba ya sauka. Suka ce to a bar shi ɗanye. Na ce a ajiye gorunan inda ya kai zafin Damagaram mu gani. Babu inda ya kai sai ofishin mai masana'antar, kusa da abin ɗumama ɗaki, nan Lin ta jera su. Da safe muka tarar sun kumbura, ɗaya ta fashe ta wanke masa kujera da bango, ɗakin yana tsami. Mutumin ya fito yana faɗa, ba na buƙatar fassara. Ya ce a ba ni jarkokina in tafi, cinikin bai kai wahalar ba.

A nan ne na zubar da duk wani girman kai. Na bi shi har bakin motarsa, na durƙusa a kan siminti mai sanyi na riƙe ƙofar. Ban san me nake faɗa ba, da Hausa nake yi. Bizata saura ƙiris, abin hannuna ba zai kai ni wata masana'anta ba, kuma na riga na yanke a raina cewa ba zan sauka a Damagaram hannu rabbana ba, ko da hakan na nufin in ɓace a ƙasar nan kamar yadda wasu suka ɓace. Lin ta zo ta tsaya tsakaninmu, ta yi masa magana mai tsawo. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce. Ta tuna masa injunan da suka tura Afirka aka yi ta kiran waya ana zagi, su kuma suna cewa masu sayen ne ba su iya aiki ba. Ta ce ga dalilin nan a kan kujerarsa. Ya ba mu mako guda, da tsohon inji ƙarami da ke ajiye a lungu.

Makon nan ban san yadda ya wuce ba. In haɗa kunu a shagon Inna, in ɗauko, a gwada, ya ƙi, in koma. Hannuwana suka tsage saboda ruwan sanyi. Aka sa wa tankin abin motsawa don kada gari ya kwanta. Aka faɗaɗa bakunan, aka sa su zuba daga ƙasan gora don kashe kumfa. Aka gano zafin da za a ba shi kaɗan, wanda bai kai ya ɗaure ba, sannan a sanyaya shi da sauri. Ba zai yi watanni a kanti ba kamar yadda na yi mafarki, kwanaki ne, kuma a cikin firigo. Na kira Yaya ina jin nauyin faɗa mata, ta ce ita da ma ba ta nemi kunun da zai yi wata ba, wa zai sha kunun wata guda?

Ana cikin haka ma'aikatan suka saba da kunun. Abin da ya ragu a roba sukan ɗiba a kofi su sha. Wata rana Lin tana sha ta tambaye ni abin da ya daɗe yana ba ta mamaki. Ta ce akwai hanya mai sauƙi da araha, inji ya zuba mutum ya ɗora murfi da hannu, amma duk lokacin da aka kawo wannan sai in tashi kamar za a yi faɗa. Me ya sa? Na dubi kofin da ke hannunta. Kunun da na matse da hannuna ne, ɗanye, bai bi ta inji ba. Na ji bakina yana shirin cewa Birni. Sai na gaya mata Kara-Kara, da Baba, da kular da aka mayo. Ba ta san kalmar ciwon da Faransanci ba, ta rubuta a waya ta karanta da harshensu. Na zuba wa kofin ido ina jiran ta ajiye shi, don na san yadda ake yi: ba a yarwa, a hankali ake turawa gefe. Ta ɗaga ta shanye, ta miƙo mini ta ce in ƙara mata, kuma gobe in rage dabino. Na juya na shiga wanke robar da na riga na wanke.

Ranar ƙarshe injin ya yi aiki tun safe har rana ta take bai yi tari ba. Na ɗauki bidiyo na tura wa Yaya, ita ta tura wa matan adashi, daga nan ban san inda ya bi ba. Da abin da ya rage a hannuna na sayi injin. Ina hanyar filin jirgi Alhaji Bala ya kira. Ya ce ya ga kunu yana tafiya a layi, shi ma ƙanwarsa tana son na zoɓo, amma ba zai ba da ko sisi ba sai na dafa na gwada masa kamar yadda na yi wa kaina. Kafin in iso gida wani mutumin Bamako ya nemo ni a kan ruwan citta, wata mata daga Marwa a kan tsamiya. Kowa da labarin injin da ya saya ko ya ga an saya, yana can a rufe da buhu.

Abin da muke yi ke nan yanzu, ni da Lin. Ta bar masana'antar, muka kama ɗaki mai madafa a bayan shagon Inna Amina, ni ina zuwa ina dawowa yadda biza ta ba da hali. Mai saye yana gidansa, ya aiko da kayan haɗinsa, ya haɗa ni a waya da wadda ke dafawa, don kusan kullum mace ce, kuma kusan kullum ba ita aka tambaya ba. In dafa, mu ɗauka mu bi masana'antu, duk wanda ya ƙi a zuba a injinsa mu wuce na gaba. Mutane suna ce mana kamfani. Ni dai na san tukwane ne da jarkoki da ciwon baya.

Injin Yaya ya sauka a Lome, ya sha zama a duwan wurin ƴan kwastan, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya ratso har Damagaram. Mun gina masa ɗaki a ƙofar gida, da babbar taga ta gilashi mai kallon hanya, don duk mai shakka ya tsaya ya gani da idonsa. Ranar da za a kunna, da hantsi, unguwa ta cika. Har daga cikin gari an zo, wasu masu kanti suna tsaye nesa kaɗan, hannu a aljihu. Kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba, Allah ya taimake mu. Yaya ta sa safar hannu da hula ta danna, goruna suka taho a layi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗaya daga cikin masu kantin ya matso har hancinsa ya taɓa gilashi, ya tambaya ko za a iya kai masa gobe.

Yaya ta ce gorar farko ta mai gona ce. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi tare da tsofaffin unguwa, abokan zamansa tun kafin a haife mu, waɗanda su ne suka fara sayen kununta ranar da ta fara. Ta je ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa tsakanin tafukansa. Gorar da sanyi da laima, ta zame, ya tare ta da gwiwa. Ya matse ta a tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora tafinsa a kan murfin ya murɗa. Murfin bai motsa ba. Ya sake, ya kai baki ya gwada da haƙori, ya ƙi. Ledar da ake ƙullawa da hannu, cizo ɗaya yake yi mata a kusurwa ya sha abinsa. Na gwada injin nan da kauri, na gwada shi da kumfa, na gwada shi da zafin Damagaram, ban taɓa tuna hannun da zai buɗe ba. Tsofaffin da ke tabarmar kowa ya sauke nasa hannun cikin riga.

Na yi sauri na sunkuya zan buɗe masa, ya kauda gorar gefe. Ya ɗaga ta sama yana kallon farin kunun ta cikin roba, ya jijjiga ta a hankali, ya ga ko ɗigo bai fita ba. Sai ya yi dariya, dariyar gaske, har da girgiza kai.

“Bar shi a rufe, Auta. Rakiya, aiki ya yi kyau, Allah ya yi miki albarka. Wannan kam ko ni ban iya taɓa shi ba. A kai wa ƴan Birni su sha.”

Ya miƙo gorar a tsakanin tafukansa biyu. Ni na karɓa, don Yaya ta kasa.